Mai Busa a Gonar Masara

Sallama gare ku, jama'ar wannan zaure. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in daina ja wa mutane rai, in auri Kabiru in huta. 'Yar'uwa, na gode, Allah ya bar zumunci. Da Kabiru ne damuwata, ai da tuni na yi ƙiba. Yau zan faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa tun da na fara rubutun nan. Wanda ya ga zagina ya dace, bismillah, ni ma na riga shi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Ummukulsum. Gidanmu yana ƙarshen Funtua ta hanyar Bakori, inda gini ya ƙare gona ta fara. Mu biyu ne muka rayu a wurin Inna, ni da yayana Awaisu. Bara da kaka Awaisu ya bi motar masara, aka tare su a hanya, aka shige da su daji. Masu sauran shan ruwa suka dawo, ɗaya daga cikinsu ya ce da idonsa ya ga Awaisu ya faɗi bai tashi ba. Iyakar abin da muka samu ke nan. Babu gawa, babu likkafani, babu kabarin da za a nuna wa mutum. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka karɓi gaisuwa, kwana ya cika aka naɗe.

Inna ba ta yi kuka ba. Kun dai san iyayenmu da kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Awaisu a bakinta ba. "Wannan yaron" ne, ranar da ya kyauta mata kuma ya zama "yayanki". Ko abinci ta zuba masa, sai ta turo langar da ƙafa ta ce mini, "Ɗauke min wannan daga gabana, ki kai wa masu ita," alhali duk naman tukunyar yana ciki. Ranar makoki mata suna ta yabo, wai Hansai akwai dauriya. Ni da nake ganinta safe da yamma na san ba dauriya ba ce, ƙonewa take ta ciki. Abinci sai a tsakura. Zoben azurfarta ya riƙa zamewa cikin ruwan wanke-wanke, har ta gaji ta ɗaure shi a bakin zani.

To, Awaisu yana da saksofon. Ƙahon nan na Turawa mai ruwan zinariya, mai lanƙwasasshen wuya da maɓallai birjik. 'Yan unguwa algaitar Awaisu suke ce masa. A wurin Baba Segun ya koya, wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan tasha, wanda a Funtua aka yanke masa cibiya, Hausa kuwa in ya fara karin magana sai ka nemi fassara. Da ƙuruciya ya yi busa a otal-otal, yanzu sai ranar Lahadi a cocinsu. Babanmu, Malam Maitama, ya yi faɗa har ya gaji, yana cewa a zuriyarmu babu maroƙi. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: ba a cikin gidansa ba. Shi ya sa Awaisu ya mai da gindin tsamiyar da ke ƙarshen gonarmu wurin busarsa. A can ya fara ɗora min yatsu a kan maɓallai, in na kai masa ruwa.

Kowa ya san ba ya rabuwa da baƙar jakar ƙahon, kullum tana bayansa kamar goyo. Don haka kowa ya ɗauka da ita ya shiga daji. Ni kaina haka na ɗauka, sai bayan arba'in, ranar da na koma koyon ɗinki wurin matar Baba Segun. Ta kira ni ƙuryar shago, ta ja labule. Ga Baba Segun zaune, ga baƙar jaka a cinyarsa.

"Gyara ya kawo, maɓalli ɗaya yana yoyon iska," in ji shi. "Na gyara, mai kaya bai zo ba. In na kai gidanku, babanku zai jefa shi a masai. In na riƙe, na ci amana. Ke ya ce min kina da kunne."

Na buɗe jakar, ƙamshin man da Awaisu ke shafawa ya bugi hancina. A nan na zube.

Haka na fara. Ɗinki da safe, kafin in tafi gida kuma mu shige ƙurya, a cusa tsumma a bakin ƙahon don kada maƙwabta su ji. Abin da Baba Segun yake busawa jaz ne, irin wanda ake ce wa bibof, mai gudu kamar an biyo mutum. Ya koya min tsanin sauti, do re mi ɗin nan na firamare, hawa bakwai. Da yatsuna suka saba, ya ce saura baƙo.

"Wane baƙo, Baba?"

"Masu bibof sun ga in kana saukowa da gudu a hawa bakwai, ƙafarka tana saɓa wa kiɗa. Sai suka soka hawa ɗaya a tsakani, ya zama takwas. Shi ne baƙo. Shi kaɗai ba daɗin ji, saurara." Ya busa, na yamutse fuska. "Yawwa. Ba a zama a kansa. Takawa ake a wuce. Amma albarkacinsa kike sauka gida daidai kan kiɗa."

Na haddace tsanin nan sama da ƙasa, ta kowace ƙofa aka shigo. Matsalar tana zuwa ne in ya kaɗa tsohon molonsa na lantarki ya ce, "To, faɗi naki." Jaz ba hadda ba ce, a take ake ƙirƙira, kamar hira. Ni kuwa da na sa baki, Awaisu ke fitowa. Wayata cike take da saƙonnin muryarsa, don duk abin da ya koya sai ya busa ya turo min. Na saurare su har na san inda yake jan numfashi, da inda yatsansa ke tuntuɓe. Tuntuɓen ma na haddace shi.

Na ƙarshen shi ne ya fi kama ni. Ya ce, "Ummu, ji wannan, nawa ne na kaina." Ya hau sama a hankali, ya juyo da gudu, yana taka baƙo sai sautin ya shaƙe. Ya yi dariya. "Kin ji, ya fara yoyo. Bari in kai wa Baba Segun. Sauran sai na dawo."

Da damina ta yi nisa, masararmu ta shanye tsawon mutum, sai zuciya ta fara raya min in ji ƙahon nan babu tsumma ko sau ɗaya. Na tura shi cikin jakar bakko, na rufe da ƙyallayen ɗinki, na bi ta bayan gari. Rana tsaka na zaɓa, don na san babu mai hankalin da zai je gindin tsamiya a lokacin. Tun muna yara ake ce mana sa'ar masu wurin ce.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji har yau. Wurin yakan yi tsit, ko tsuntsu ba ya motsi, sai ganyen masara yana gogar juna kamar ana raɗa. Haƙoran Awaisu sun bar gurbi a bakin ƙahon, in na sa nawa sai su faɗa ciki daidai. Wani lokaci yatsuna sukan riga ni zuwa inda ban aike su ba. Ina busa nasa na ƙarshe, in zo kan baƙo, in tsaya cak inda ya tsaya, in kasa kunne ina jiran dariyar. Ran nan wallahi na ji ta a bayana. Na juya babu kowa, sai 'yar guguwa tana wasa da busasshen ganye. Na yi a'uziyya, amma washegari na koma. A can kaɗai nake samun yayana.

Ban yi lissafin iska ba. Ashe tana kwasar sautin ta ƙetare gona, ta haura katangarmu, ta sauke shi a madafin Inna.

Wata rana na iso gindin tsamiya na tarar da langa. Farar langar nan mai jan baki, ta Awaisu. An rufe ta da faifai, an ɗora dutse. A gefe ga rigarsa ta shadda fara, an wanke, an buga, an ninke cikin leda. Na ɗaga murfin: dambun masara da zogale, an barbaɗa ƙuli, an kwarara man gyaɗa yadda yake so.

Na gane nan take. Inna ba fatalwa ta ɗauka ba, ba aljani ba. Ɗanta ta ɗauka, da ransa, ya kuɓuto daga daji da ƙahonsa, kansa ya taɓu, yana jin nauyin shigowa gida.

Na san abin da ya kamata in yi. Kowa a cikinku ya sani, ba sai kun rubuto ba. Amma na tuna da safiyar ranar na ga Inna ta shanye kokonta har da kankare ludayi, ta sa kwalli, ta tambaye ni ko akwai sauran zogale. Na yi tunanin yadda fuskarta za ta koma in ta zo da yamma ta tarar ba a taɓa langar ba. Na zauna a tushen tsamiya na cinye dambun nan tas, hawaye yana ɗiga a ciki. Rigar ce na kasa taɓawa.

Tun daga ranar ya zama aiki. Ni in yi busa, ita ta kawo langa kafin in zo, ta ajiye ta juya, ba ta taɓa leƙa cikin masara ba. Kumatunta suka fara dawowa. Zobe ya koma yatsa. Ni kuwa in na shigo gida ta miƙo min tuwo, in ce na ƙoshi, sai ta ce, "'Yan matan zamani, ba ku son abinci." A raina in ce, Inna, da kin san abin da na ci.

Zance ba ya ɓuya. Masu ciyawa suka ji, suka watsar da lauje. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai Danja, ya ɗauko mana Gwaggo Tasalla, ƙanwar babanmu. Ranar Laraba da hantsi ta dira, atamfa kore shar, mayafi a kafaɗa, jaka a hammata, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara.

"Yaya, me nake ji? Wai gonarka ta zama dandali?"

"Tasalla, a gaisa mana."

"Mun gaisa. Mutanen Malumfashi, dangin Kabiru, suna nan suna bincike a kan 'yar nan, ka sani. Wa zai ɗauki yarinya daga gidan da fatalwa ke yi wa busa da rana tsaka? A kira malamai, a sare tsamiyar nan, a huta."

Ina bakin rijiya ina wanke-wanke, na dage da dirzar tukunya ɗaya kamar ita ta yi min laifi.

Baba ya ce, "An riga an gama magana. Asabar Kabiru zai kawo gayya daga Malumfashi, shi da abokansa. A karye masara, a sare kara, kowa ya ga abin da ke ciki."

Inna tana tankaɗe a ƙofar madafi. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar Baba gaban mutane ba. Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Malam, a bar ɓangaren tsamiya."

"Don me?"

"A bar shi dai."

"Hansai, masara ta bushe. Ko gara za mu bar wa?"

"Wanda ya fito daga daji ba ya son taro," in ji ta, idonta a kan gari. "In suka shiga masa da hayaniya, guduwa zai yi. A bari ya gama jin kunyarsa, zai shigo da ƙafarsa."

Gwaggo ta saki salati. Baba ya ce a hankali, "Ki ji tsoron Allah, Hansai. Ki bar yaron nan ya kwanta."

"Wa ya ga kwanciyarsa? Kai ka gani?" Muryarta ko rawa ba ta yi. "Langa tana dawowa wayam. Tasalla, ke da kika san aljanu, suna cin dambu?"

Tukunyar ta suɓuce min ta faɗa cikin baho. Babu wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi min ciwo.

Alhamis bayan la'asar Kabiru ya zo. Ga masu tambaya kullum: eh, dogo ne, eh, yana da shagon iri da maganin feshi a Malumfashi, kuma abokin Awaisu ne tun suna makaranta. Ya sha shadda ruwan toka da hula zanna, turare kuwa tun yana kashe babur ya riga shi shigowa zaure. Na fito da doguwar riga ruwan goro da farin hijabi, na ajiye masa ruwa, na zauna a ƙarshen tabarma.

"Ranki ya daɗe, kin rame."

"Kai kuma ka ƙara surutu."

Bai yi dariya ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici, ya warware a gabana. Ɗan siririn harshen gora ne, wanda ake ɗaurawa a bakin ƙaho, shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Ya tsage a baki. Ni na yar da shi shekaranjiya.

"Na je duba gonar saboda gayya, na tsinci wannan. Sabo ne, ruwa bai taɓa dukansa ba." Ya juya shi. "Kuma a iya sanina, Awaisu ba ya shafa jan-baki."

Na fara laluben ƙaryar da zan yi.

"Kada ki wahalar da kanki, Ummu. Ni na kai shi tasha ranar. Babu jaka a bayansa. Tun da aka fara zancen busar nan na san ba shi ba ne."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Na ga Inna ta fara tashi, na ce wane ni in kwantar da ita. Laifin namu ne mu biyu." Ya ninke hankicin. "Amma jibi zan shigo da mutane. Ba na so a gaban abokaina ta tsaya tana kallo a sare kara na ƙarshe, babu kowa a ciki."

"To ka fasa gayyar."

"In na fasa, masara za ta tsaya har abada ne?"

Na ji haushinsa, irin haushin da ake ji na mai gaskiya. Na ce, "Busar fa? Ba ka ce komai ba. Hajiyarka za ta karɓi suruka mai ƙaho?"

"Wannan dutse ne a gabanmu, ban ce zan iya ɗaga shi ba, ban ce ba zan iya ba. Amma ba shi ne na yau ba."

Ko ɗaki ban kai ba wayata ta yi ƙara, saƙon Kabiru ne.

"Kin shiga lafiya?"

"Daga zaure zuwa ɗaki ma sai an tambaya?"

"Ki faɗa mata da bakinki, kafin Asabar."

"Bakina ba zai iya ba."

"To da me za ki faɗa?"

Na bar shi da alamar na karanta, na kife wayar.

Juma'a da safe ko keken ɗinki ban buɗe ba, na wuce ƙurya na zayyana wa Baba Segun komai, har da dambu. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Na ba ki ƙaho don ki yi magana, kika mai da kanki rediyo," in ji shi. "Rediyo ina da su cike da shago, ɗiyata."

"Baba, in na wuce inda ya tsaya, babu komai a wurin. Duhu ne."

"Da can akwai wani abu ne? Kowa a duhun yake sa ƙafa. Tsanin yana hannunki, ba zai bari ki faɗi ba." Ya mai da tabarau. "Kullum a kan baƙo kike tsayawa. Na ce miki ba a zama a kansa. Kin bar uwarki da ƙafa ɗaya a sama, kuma kina mamaki ta kasa zama."

Maza suka tafi masallaci, unguwa ta yi shiru. Na bi ta bayan gari da jakar bakkona. Masara ta bushe ƙarau, ganyen yana yankar hannu, rana kamar ta sauko ƙasa. Langa tana nan a mazauninta, rigar tana gefe cikin ledarta. Yau ban ɗaga murfin ba. Na shige cikin kara inda nake ɓuya, na rataya ƙahon a wuya, na jiƙa sabon harshe da miyau. Haƙorana suka faɗa gurbinsa.

Niyyata in busa nasa sau ɗaya, na bankwana, in je gida in durƙusa gaban Inna. Na hau sama a hankali yadda yake hawa. Na ja numfashi inda yake ja. Na juyo da gudu, na taka baƙo.

Na tsaya a kai, sautin yana rawa, mummuna, kamar kukan ƙofa. Na ji shi a bayana, kusa, har ɗumin mutum nake ji a kafaɗata. Na san in na saki zai yi dariya ya ce sauran sai ya dawo, gobe ma haka, jibi ma haka. Sai wani baƙin ciki ya taso min, har da fushi. A raina na ce, Yaya, ba za ka dawo ba. Ka bar ni da Inna, ka bar ni da rabin waƙa.

Na ɗaga yatsa, na sauka hawa na gaba.

Ƙafata ta dira daidai kan kiɗa, kamar yadda Baba Segun ya faɗa. Daga nan ban san ta ina abin ya riƙa zuwa ba. Ba shi da kyau irin na Awaisu. Numfashina gajere ne, sai na riƙa yanka maganar gutsi-gutsi, in hau in tsaya, in tambaya in ba kaina amsa. Na ji luguden Inna a turmi ya shigo ciki, na ji yadda take jan sunana in na daɗe a waje. In na ɓace sai in kama tsanin in gangaro, in taka baƙo in wuce, in sami kaina a gida. Ina busa ina kuka, majina da hawaye, babu kyan gani. Ɗumin da ke kafaɗata kuwa ban san lokacin da ya tafi ba. Rana ce kawai take dukana.

A zatona duk mai kunne zai gane wannan ba Awaisu ba ne. Abin da ban sani ba, Inna ba ta koma gida ba ranar. Saboda gayyar gobe, ta zauna a bakin gona tana gadi. Watanni tana jin waƙar tana yankewa a wuri ɗaya. Yau ta ji an wuce wurin, sai ta ɗauka ya warke, kiranta yake.

Na ji kara yana karyewa, ana tahowa da gudu. Sannan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Awaisu!"

Ƙahon ya zame daga bakina.

"Awaisu! Ni ce, kada ka gudu! Awaisu, ɗana!"

Sunan yana fita a bakinta wani iri, kamar yaro yana koyon tafiya. Ina da damar in tsere ta cikin masara, na san hanya. Ƙafafuna ma sun ce mu tafi. Na tsaya.

Kara ya buɗe. Ga Inna, ɗankwali ya zame, ganye ya yanke ta a goshi, ledar rigar da ta ɗauko a gindin tsamiya tana ƙirjinta, fuskarta cike da wata murna da ban taɓa gani ba. Ina kallo murnar ta tsaya, ta dube ni, ta dubi ƙahon, ta leƙa bayana. Ta sake leƙawa.

"Ina yake?"

"Inna, ni ce."

"Na ga ke ce. Ina yake?"

"Tun farko ni ce. Bai tafi da shi ba, gyara ya kai."

Ta dawo da idonta kaina.

"Abincin fa?"

"Ni nake ci."

"Duka?"

"Duka, Inna."

Na durƙusa ina jiran mari, wallahi da ta mare ni da na ji sanyi. Ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin abu a kasuwa, "Ashe da gaske ne."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta buɗe baki. Kukan da ba ta yi ba gaban matan makoki, wanda ta hana kanta shekara guda, shi ya fito gaba ɗaya. Tana yi tana kiran sunan, tana maimaitawa, kamar tana biyan duk wanda ta haɗiye tun ranar suna. Na rarrafa zan riƙe ta, ta ture hannuna. Ban ga laifinta ba.

Da ta lafa, ta share fuska da bakin zani, ta miƙo hannu. Na cire igiyar daga wuyana na ba ta. Ta juya ƙahon, ta shafa maɓallan, babban yatsanta ya tsaya a kan gurbin haƙoran. Ta zare farar rigar daga leda, ta shimfiɗa a ƙasa, ta kwantar da shi a kai. Ta rufo dama, ta rufo hagu, ta naɗe kai da ƙafa, ta yage bakin mayafinta ta ɗaure. Na ga an yi wa kakata haka, don haka na san abin da nake kallo.

Ta ɗauke shi a hannu biyu ta miƙe. Ba ta ce in biyo ta ba, ba ta ce in tsaya ba. Na bi bayanta da langar da ba a buɗe ba, ban san ko zan ƙara taɓa ƙahon nan ba, ban san ko za ta ƙara kallona ba.

A bakin gona muka yi kiciɓis da su. Baba da Kabiru ne, sun sauko daga masallaci sun biyo duba aikin gobe, kukan ya janyo su da gudu, Gwaggo Tasalla tana haki a bayansu. Suka yi cirko-cirko a kan 'yar hanyar. Kabiru ya dube ni, na sunkuyar da kai. Baba ya dubi farin ƙunshin.

"Hansai, mene ne wannan?"

Inna ta dube shi ido cikin ido, gaban ƙanwarsa, gaban surukin da ko gaisuwarsa ba ta amsawa sai ta bayan labule.

"Ku ba ni hanya, Malam," ta ce. "Awaisu na ɗauko."